Zanen da Ido Ba Ya Gani a Duwatsun Ostireliya

A yankin Kimbali na Ostireliya, masana sun auna shekarun gidajen zanzaro da ke kan wani zanen kangaru da ƙarƙashinsa, suka bayyana a 2021 cewa zanen ya kai kimanin shekara 17,300. Manhajar DStretch kuma tana fito da siffofin da suka dusashe a jikin dutse. Sai dai ganin siffa daban, sanin ma'anarta daban. Wani zai ce ilimi na kowa ne, a tono komai. Amma masu zanen Aborijin, wato 'yan asalin Ostireliya, na garin Fafunya, bayan 1971, da gangan suka riƙa lulluɓe alamomin ibadarsu da ɗige-ɗige. Ɓoyewar tana cikin al'adar kanta, don haka wajibi ne mai bincike ya nemi izinin dattawan Aborijin kafin ya fassara.