New Bell: Zangon baƙi da ya zama zuciyar Duwala

Daga wakilinmu a Duwala

Duk ɗan kasuwar da ke sauke kaya a Mubi, Banki, Gamboru ko Kusiri ya san sunan Duwala, domin tashar jirgin ruwanta ce ke ciyar da Kamaru da Cadi da Afirka ta Tsakiya. Sai dai akasarin 'yan uwanmu in sun zo, daga tasha sai masauki, daga masauki sai kasuwa, a ɗaure kaya a juya. Mutum zai yi shekara goma yana sauka a New Bell bai san yadda aka yi unguwar ta kafu ba, balle ya san cewa kakanninsa na cikin waɗanda suka raya ta.

Asalin unguwar

Duwala garin ƙabilar Duwala ne, masunta kuma dillalai na bakin kogin Wuri. A shekarar 1884 sarakunansu suka sa hannu a yarjejeniya da Jamusawa. Da tafiya ta yi nisa, sai Jamusawan suka ƙudura tayar da mutane daga bakin kogi don su keɓe wurin ga Turawa, su mai da 'yan ƙasa can ciki, a bar fili mai faɗin kilomita ɗaya a tsakani. Tunda mutanen gidan sarautar Bell aka fara tayarwa, sai aka kira sabon mazaunin New Bell, wato sabuwar Bell.

Sarki Rudolf Duala Manga Bell, wanda ya yi karatu a Jamus, ya ce bai yarda ba, domin yarjejeniyar ba ta ba Turawa ƙasar ba. Ya kai kuka har majalisar Jamus. Sakamakon da ya samu shi ne aka tuhume shi da cin amanar ƙasa, aka rataye shi tare da sakatarensa Ngoso Din ranar 8 ga Agusta 1914. Ko wata biyu ba a yi ba sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace garin. Abin mamaki, a 2022 birnin Berlin ya sa wa wani dandali sunan wannan sarki da kakanninsu suka rataye.

Mutanen Duwala da yawa sun ƙi zama a wurin da aka tilasta musu, sai baƙi suka cike gurbin: Hausawa, Bamileke, Basa, Yarbawa da sauransu, kowa da ɓangarensa da mai unguwarsa. Hausawa sun gangaro ne ta Adamawa da fataucin goro da hauren giwa da roba, daga baya kuma shanu. Har gobe akwai ɓangaren da ake kira New Bell Hausa, kamar yadda Birikitari take a Yawunde.

Abin da baƙo zai gani

Babban masallacin New Bell shi ne wurin farawa. Ranar Juma'a za ka ga Bahaushe da Bafulatani da Babamun da ɗan Mali da ɗan Sanagal a sahu ɗaya, har a cika titi. Bayan sallah nan ake samun labarin gida da na farashi, nan kuma baƙo ke neman mai masauki.

Kasuwanni kuwa sun kewaye unguwar. Akwai Babbar Kasuwa, akwai kasuwar Kongo ta atamfa da teloli, akwai Nkululun ta gwanjo, ga kasuwar awaki da ke cika maƙil gab da Babbar Sallah. Masu neman kayan gyaran mota sai su nufi Kam Yabasi. Da yamma hayaƙin tukuba ke tashi ko'ina. Ku lura da wani abu: duk ɗan Kamaru, ko Faransanci yake ji ko Ingilishi, in yana son tsire cewa yake "soya", kilishi kuma bai canja masa suna ba. Wannan ma tarihi ne, tarihin da mahautanmu suka rubuta a bakin mutane.

A shekarar 2010 wani mai fasaha ɗan ƙasar, Pascale Marthine Tayou, ya kafa wani dogon ginshiƙi a shataletalen Shell New Bell, wanda ya haɗa da kwanonin tasa masu fenti, an ɗora ɗaya kan ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin jeren ɗakin amarya a ƙasar Hausa zai gane irin kwanonin. Masu son ƙwallo kuma su sani a lungunan nan Samuel Eto'o ya tashi, wanda sau huɗu yana zama gwarzon ɗan wasan Afirka.

Wanda ya samu rarar yini guda, ya hau babur, wanda a nan ake kira bensikin, ya je Bonanjo. Can zai ga fadar sarakunan Bell da aka gina a 1905, wadda ake kira Pagode saboda rufinta hawa-hawa irin na mutanen Asiya. Kusa da ita akwai cibiyar doual'art, ƙungiyar da wata jikar gidan sarautar, Marilyn Douala Bell, ta kafa da mijinta a 1991. A shataletalen Deido kuma akwai mutum-mutumin nan mai tsawon mita 12 da Joseph-Francis Sumégné ya ƙera da tarkacen ƙarafa a 1996. Daga nan sai gadar Wuri zuwa Bonaberi. Wannan kogin ne 'yan Fotugal suka tarar cike da jatan lande a 1472 suka sa masa sunan da ya rikiɗe ya zama Kamaru. A farkon Disamba ake bikin Ngondo na mutanen bakin ruwa, da tseren kwalekwale da kokawa, bikin da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2024.

Gobara da mantuwa

New Bell ta ga tashin hankali. A nan tarzomar Mayu 1955 ta yi ƙamari tsakanin magoya bayan jam'iyyar UPC masu neman 'yanci da hukumar Faransa, abin da ya kai ga haramta jam'iyyar. A Afrilu 1960 gobara ta cinye unguwar Kongo. Kasuwar Kongo ma ta sake ƙonewa a 2012 da 2019. Ga ambaliya duk damina, ga cunkoso.

To, a nan gizo ke saƙa. Fadar Bell tana tsaye, an san shekarar gina ta da wanda ya gina ta. Namu tarihin fa? Yana cikin ƙwaƙwalwar dattawa da tsofaffin takardu a akwatin ƙarfe, a gidajen katako da wuta ba ta yi wa sallama. Duk dattijon da ya rasu, ya tafi da sunayen madugai da limamai da masu unguwa na farko. Yara da yawa kuma Faransanci ya fi zama a bakinsu fiye da Hausa. Wata baturiya, Lynn Schler, ta wallafa littafi a kan baƙin New Bell a 2008, amma da Ingilishi. Ina namu?

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Wayar hannu ta isa a naɗi muryar tsoho, ta isa a ɗauki hoton takarda. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ke tara kuɗi don jinya da jana'iza za su iya ware wani abu don wannan, gidajen rediyon al'umma kuma su watsa. Kai ma baƙo, in ka sauka, ka roƙi mai masaukinka ya kai ka gaida dattawan unguwa, ka tambaye su daga wane gari iyayensu suka fito. Ba mamaki ka ji sunan garinku.

Shawara ga matafiya

Lokacin da ya fi daɗin zuwa shi ne Disamba zuwa Fabrairu. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. 'Yan Nijar su tuna sefar Kamaru daban take da ta Yamai: darajarsu ɗaya, amma sai an canja. A riƙe cikakkun takardu da katin allurar shawara. Masu fitowa daga Garwa da Marwa za su iya hawa jirgin ƙasa a Ngaundare zuwa Yawunde, su ƙarasa Duwala. Masu bin hanyar Ikom da Ekok kuwa su yi tambaya kafin su tashi, saboda rikicin da ya ɓarke a yankin masu Ingilishi tun 2016. A nemi izini kafin ɗaukar hoto, a kuma guji ɗaukar gidan yarin New Bell da wuraren jami'an tsaro.

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi. In Allah Ya kawo ku Duwala, ku ba garin yini ɗaya bayan ciniki. Allah Ya ba da kasuwa, Ya mai da kowa gida lafiya, amin.