Ciwon suga: Yadda magani ke iya jefa mutum cikin haɗari idan suga ya yi ƙasa

Yawancin masu ciwon suga hawansa suke tsoro, amma faɗuwarsa ta fi saurin kayar da mutum, wani lokaci cikin 'yan mintuna.

Likitoci na cewa suga ya yi ƙasa ne idan na'urar gwaji ta nuna bai kai 70 mg/dL ba, wato 3.9 mmol/L. Idan ya sauka ƙasa da 54, lamarin ya yi tsanani.

Ba kowane magani ke jawo haka ba. Metformin shi kaɗai da wuya ya kayar da suga. Waɗanda suka fi yi su ne allurar insulin da ƙwayoyi irin su glibenclamide, wanda ake sayarwa da sunan Daonil, da glimepiride. Su kan ci gaba da aiki ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba. Don haka wanda ya sha magani da safe ya fita kasuwa ko gona bai karya ba, ya ɗauko wa kansa rigima. Tsofaffi da masu ciwon ƙoda sun fi shiga haɗari, saboda maganin na daɗewa a jikinsu.

Alamun farko su ne rawar jiki, zufa, bugun zuciya, jiri da matsananciyar yunwa. Daga nan sai gani ya dushe, magana ta rikice, mutum ya fara fushi ba dalili. A nan ne wasu iyalai ke zaton shafar aljanu ce, a tsaya tofi alhali ƙwaƙwalwa suga take nema.

Idan mutum na cikin hayyacinsa, a ba shi kimanin gram 15 na suga: babban cokali ɗaya na suga ko zuma, ko rabin kofi na lemon kwalba, ba irin marar suga ba. A jira minti 15 a sake gwadawa. In bai haura 70 ba, a maimaita. Da ya dawo daidai, ya ci abinci mai riƙe ciki kamar tuwo ko burodi. Mai shan glibenclamide kuwa gara a kai shi asibiti, domin sugan na iya sake faɗuwa bayan sa'o'i.

Wanda ya suma kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi a gefensa, a garzaya da shi asibiti a yi masa allurar gulukos ta jijiya.

Batun azumi ma na nan. Ƙa'idojin Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya sun ce a karya azumi da zarar suga ya yi ƙasa da 70, ko da saura minti goma a sha ruwa, kuma gwajin ɗan yatsa ba ya karya azumi. Sauya adadin magani ko lokacin shansa kafin Ramadan aikin likita ne, ba na mai kemis ba.