Hayaƙin madafa a Gassi: Yadda maigida zai sa bututun ƙarfe da hannunsa

Duk wanda ya ratsa unguwar Gassi da ke kudu maso gabashin birnin N'Djamena da sassafe ko da almuru, zai ga hayaƙi na fita ta ƙofofi da tagogin madafai, kuma in ya leƙa ciki zai tarar kunkunniya ta baƙanta kwanon rufi. Da yawa daga cikinmu mun ɗauki wannan a matsayin abin da aka saba, alhali kuwa abin da ya baƙanta rufin nan shi ne uwargida da jaririn da take goye da shi suke shaƙa kullum.

Mai karatu zai iya tuna cewa a ƙarshen shekarar 2008 gwamnatin marigayi Idriss Deby ta hana amfani da gawayi domin kare itatuwa, har ta kai mutane suna girki da ƙwallon goruba da kashin shanu. Bayan buɗe matatar mai ta Djermaya a 2011 tukunyar gas ta shiga gidaje da dama. Sai dai gidajen burodi da masu abincin sayarwa da masu ɗora manyan tukwane ranar biki ko suna ba su rabu da itace ba, haka ma gidan da gas ya ƙare masa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2, ciki har da yara fiye da 237,000 'yan ƙasa da shekara biyar. Wani bincike da aka yi a ƙasar Gwatamala, wanda mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2011, ya nuna cewa murhu mai bututu ya rage iskar guba da yara ke shaƙa da kusan rabi, kuma ciwon haƙarƙari mai tsanani ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wannan ne ya sa muke ganin ya dace mu bayyana yadda ake sa bututun, domin aiki ne da maigida da mataimaki guda za su iya gamawa a wuni ɗaya. Amma fa bututun da aka sa ba bisa ƙa'ida ba gobara yake jawowa.

Da farko, bututu ba ya aiki a kan murhun duwatsu uku, domin hayaƙin ta ko'ina yake watsuwa. Sai an gina murhun laka ko na jan bulo mai ƙofar itace a gaba da ramin hayaƙi a baya, ko kuma a sa mai walda ya ƙera rumfar ƙarfe mai kama da mazurari a kife, a rataya ta bisa murhun. In gidan burodi ne mai tsohon ginin hayaƙi na bulo da ya tsattsage, to a cikinsa za a zura bututun, domin ta tsagar nan zafi da hayaƙi ke kaiwa ga katakon rufi.

Na biyu shi ne zaɓen ƙarfe. A guji ragowar kwanon rufi a kusa da wuta, saboda farin sinadarin da aka shafe shi da shi yana fitar da tururi mai sa zazzaɓi da ciwon kai in ya yi zafi ƙwarai, ga shi kuma yana saurin hujewa. A nemi baƙin ƙarfe mai kauri, ko farin ƙarfen da ba ya tsatsa in da hali. Faɗin bututun ya zo daidai da ramin murhun, kada a matse shi, kuma ya miƙe sama ba lanƙwasa, domin kowace kwana tana rage jan hayaƙi.

Wajen haɗa gaɓoɓin akwai kuskuren da mutane suka cika yi. Siririn bakin gaɓar sama shi ake sokawa cikin ta ƙasa, domin baƙin maiƙon nan mai kama da kwalta da hayaƙin itace ke tarawa ya gangara ta ciki ya koma murhu, maimakon ya tsiyayo ta waje. A ɗaure kowace mahaɗa da kusoshi masu zare guda uku.

In cikin ginin bulo za a zura, a fara share shi da buroshi ɗaure a gora, a auna tsawonsa da igiya mai dutse a baki. Mutum ɗaya ya hau sama yana sako bututun a hankali, ɗaya yana ƙasa yana jan igiyar. Bayan ya zauna, a toshe gefensa a ƙasa da laka haɗe da yashi, domin siminti zalla tsagewa yake yi da zafi, a sama kuma a rufe gefen da farantin ƙarfe.

In kuwa ta kwanon rufi za a fitar da shi, nan ne haɗarin yake. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce a bar tazarar kusan santimita 45 tsakanin bututu mai ɓawo ɗaya da duk wani katako ko azara ko zana. Sannan ya ɗara rufin da aƙalla santimita 90, ya kuma fi duk wani abu da ke cikin mita uku daga gare shi tsawo da santimita 60, in ba haka ba iska za ta riƙa mayar da hayaƙin cikin ɗaki. A sa masa hula saboda ruwan sama da tsuntsaye, a ɗaure shi da waya ta ɓangare uku, domin mun san irin guguwar da ke zuwa da farkon damina a nan. Mai hawa ya sa safar hannu, ya samu mai riƙe masa tsani, ya kuma duba wayar lantarki kafin ya ɗaga ƙarfe sama.

Kafin a ɗora tukunya, a ƙona tsumma ko takarda a murhun a bi gaɓoɓin da ido. Duk inda hayaƙi ya ɓullo a gyara. Daga nan a riƙa share bututun akai-akai, musamman in ana sa ɗanyen itace, domin maiƙon da ya taru yana kamawa da wuta. Kuma ko da bututu, kada a rufe ƙofa da taga ruf a lokacin sanyin Disamba da Janairu, saboda iskar kabon monoksaid ba ta da launi ba ta da wari, sai dai a ji ciwon kai da jiri. Duk wanda ya ji haka ya fito waje nan take.

Shawararmu ga magidanta ita ce a yi wannan aiki tun da rani, kafin ruwan Yuni ya sauka. Wanda kuma rufinsa na ciyawa ne ko dogon gini, ya kira magini da mai walda. Kuɗin aikinsu bai kai na jinyar yaro a asibiti ba. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, amin.