Irin Dawa Mai Jure Burtuntuna da Fumfuna: Yaya Ake Samun Sa?

Ɗan'uwa manomi, ko a Maraɗi kake, ko Marwa, ko bakin Tafkin Cadi, ka san baƙin cikin murza zangarniya ka ga baƙin gari a tafin hannunka maimakon tsaba. Burtuntuna ke nan. A shirinmu na manoma na wannan mako mun duba ta, tare da 'yan'uwanta biyu: fumfunar da ke baƙanta ƙwaya idan ruwa ya yi yawa lokacin nuna, da cutar da ke yi wa ganye jajayen tabo har ta ruɓar da kara. Duka ukun ƙwayoyin cuta ne dangin naman kaza.

To, me ya sa dawar kakanni irin su farafara ba ta cika yin fumfuna ba? Ka lura da zangarniyarta: a sake take, iska na ratsa ta. Sannan ba ta fure sai damina ta kusa ɗaukewa, ta nuna cikin rani. Amma da aka kawo iri masu saurin nuna domin a tsere wa fari, sai wasunsu suka zo da dunƙulalliyar zangarniya, suna nuna ana tsaka da ruwa. Ka ga an magance wata matsala, an buɗe wa wata ƙofa. Kuma fa ƙwaya mai fumfuna ba kasuwa kaɗai take ɓatawa ba, tana iya ɗauke da guba mai cutar da mutum da dabba.

Nan ne aikin masu binciken iri yake, a cibiyoyi kamar INRAN a Nijar, IRAD a Kamaru, IAR da ke Samaru ta Zariya, da ICRISAT wadda aka kafa a Indiya a 1972, mai reshe a Sadore kusa da Yamai. Sukan tattara iri daga wurare daban-daban, su shuka su a filin gwaji, su sa musu cutar da gangan, har da yayyafa ruwa don laima ta ƙaru. Wanda ya tsaya da ƙafarsa, sai a aurar da shi ga iri mai yawan yabanya: a ɗauki garin furen wannan a sa wa wancan, a rufe zangarniyar da jakar takarda. Daga nan sai zaɓe, damina bayan damina, shekaru da dama, kafin a kai gonakin manoma su ɗanɗana tuwonsa. In tuwo bai yi daɗi ba, uwargida ba za ta karɓa ba, aiki ya koma baya.

Sai dai kada ka saki jiki. Cutar jan tabo tana da launuka, irin da ya jure ta a wani yanki yana iya faɗuwa a wani. Don haka nemi wanda aka gwada a yankinku. Ka sa wa iri maganin gauraya kafin shuka, domin a jikin ƙwaya burtuntuna take kwana. Zangarniyar da ta kamu, cire ta ka ƙone tun kafin sussuka. Kuma kada ka yar da irin gidanku. A cikinsa masu bincike ke samun ƙarfin da suke nema.

Allah ya ba mu damina mai albarka.