Bugun Zuciya Maras Tsari: Abin da Hoton Eko Ke Iya Ɓoyewa

Ma'aikacin da ke baro Kwamba bayan sallar asuba, ya ratsa cunkoson Madalla da Zuba kafin ya isa ofis a Abuja, yakan ɗora hakin da yake yi a kan gajiyar hanya. Idan ƙafa ta fara kumbura aka tura shi hoton zuciya, wanda likitoci ke kira eko, a Asibitin Ƙasa ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, yana iya dawowa da murna an ce zuciyarsa tana matsawa da kyau. Wannan rabin bayani ne.

Aikin zuciya biyu ne, ta matsa ta tura jini, ta sake ta karɓi wani. Hawan jini da ya daɗe yana kaurara bangonta har ta ƙage, sai jini ya taru baya ya cika huhu, alhali ƙarfin turawarta bai gaza kashi 50 cikin 100 ba. Binciken da aka wallafa a 2012 kan majinyata 1,006 a ƙasashen Afirka 9, har da Najeriya, ya samu hawan jini ne musabbabin gazawar zuciya a kusan kashi 45.

Auna wannan sakewar yana wuya ga mai bugu maras tsari. A zuciya mai daidaitaccen bugu, na'urar tana nuna kwararar jini sau biyu: ta farko lokacin da ɗakin ƙasa ya sake, ta biyu lokacin da ɗakin sama ya matsa. Idan ɗakin sama karkarwa kawai yake yi, kwarara ta biyu takan ɓace, ma'aunin da aka saba dogaro da shi ya rushe. Ga shi kuma kowane bugu da tsawonsa. Don haka ƙa'idojin ƙungiyoyin masana na Amurka da Turai na 2016 suka bukaci a auna bugu da yawa a jere a ɗauki matsakaici, a kuma kwatanta saurin jinin da saurin motsin naman zuciyar. Wannan aiki ne mai cin lokaci, kuma layin da ke ƙofar ɗakin hoto ba ya ƙarfafa haƙuri.

Girman ɗakin sama ma ba shaida ce tsayayya ba, domin karkarwar kanta tana faɗaɗa shi. A nan ne jini ke daskarewa, abin da ke ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau 5. Mai irin wannan bugu yana da haƙƙin ya tambayi likita ko an auna sakewar, da kuma ko yana bukatar maganin hana daskarewar jini.