Yadda Gwanin Kwamfuta Ke Zama Sarkin Ƙofa

Stapleton wata unguwa ce a bakin ruwa, cikin tsibirin Staten, ɗaya daga gundumomi 5 na birnin New York. Wanda ya tashi daga can da sassafe, jirgin ƙasa ya kan kai shi St. George, tasha ta biyu ke nan, sa'an nan ya shiga jirgin ruwa, wanda tun 1997 ba a biyan ko anini. Kamar minti 25 sai ga shi a Manhattan, kusa da Wall Street, unguwar masu jujjuya kuɗi. A cikin fasinjojin nan ba a rasa masu aikin kwamfuta, waɗanda ke gadin bayanan bankuna da asibitoci don kada ɓarayin intanet su kutsa. Kowane da burinsa, amma babban matsayi a sana'ar shi ne na shugaban tsaron bayanai.

A birnin Kano kowace ƙofar ganuwa tana da sarkinta. A zamanin da, shi ke rufe ta da almuru, shi ke sanin mai shiga da mai fita, in kuwa abu ya ɓaci shi za a tambaya a fada. To, aikin shugaban nan ke nan, sai dai ganuwarsa ba ta ƙasa ba ce, ƙofofinsa kuma sun fi a ƙirga.

A New York ɗin nan aka fara wannan sarauta. Cikin 1994 wani mutumin Rasha, Vladimir Levin, yana zaune a St. Petersburg ya kutsa cikin kwamfutocin bankin Citibank, aka kwashe fiye da dala miliyan 10 daga ajiyar mutane. Daga baya an ƙwato kuɗin, in ban da kamar dala 400,000, shi kuma aka kama shi a Ingila a 1995. Amma banki ba kuɗi kaɗai ya ke ajiyewa ba, har da amana, ita ce kuwa ta girgiza. Saboda haka a 1995 manyan bankin suka kirawo wani mutum, Steve Katz, daga bankin J.P. Morgan, suka naɗa shi. Shi ne aka san ya fara riƙe muƙamin da wannan suna a duniya.

Katz daga ƙasa ya taso, watau ya daɗe yana aikin manhajar kwamfuta da duba ingancinta. Amma da aka ba shi kujera bai shige ɗakin injuna ya kulle ba. Sai ya ɗauki jaka ya bi manyan abokan cinikin bankin, yana bayyana musu abin da ya auku da gyaran da za a yi. Ra'ayinsa, wanda ya yi ta maimaitawa har rasuwarsa a 2023, shi ne tsaron bayanai magana ce ta riba da hasara, dole a faɗe ta da bakin 'yan kasuwa.

Nan ne gizo ke saƙa. Gwani ya saba a ba shi matsala ya warware da hannunsa, a yaba masa. Ran da ya zama shugaba hannunsa ya daina taɓa aikin. Sarkin Maƙera ma ai ba don ya fi kowa bugun ƙarfe a ke girmama shi ba, sai don shi ke raba gardama, shi ke kai kukan maƙera gaban sarki. Haka nan shugaban tsaro zai tsaya gaban daraktoci, mutanen da galibinsu ba su san cikin kwamfuta ba, ya ce musu ga ƙofa kaza a buɗe, rufe ta zai ci kuɗi kaza, barinta kuwa ga abin da zai jawo. In ya cika su da kalmomin sana'a za su gyaɗa kai kurum, kuɗi ba za su fito ba. Kuma ba ya iya rufe ƙofofi duka, gama garin da aka toshe ƙofofinsa kasuwarsa ta mutu. Tilas ya zaɓi wadda zai bari, ya kuma ɗauki nauyin zaɓin. Gwanaye da yawa nan su ke tuntuɓe, don sun fi son a ce musu fari ko baƙi.

Hanyar hawa dai sananniya ce: mutum ya fara da sa ido kan injuna, ya zama mai tsara kariya, a ba shi 'yan mutane ya shugabanta, kana ya koyi kasafin kuɗi da doka. Kelly Moan ta riƙe tsaron bayanan 'yan sandan New York kafin a ba ta na birnin duka a 2022.

Yanzu abin ya wuce ganin dama. Tun 2017 hukumar da ke kula da bankuna da kamfanonin inshora a jihar New York ta wajabta musu naɗa irin wannan shugaba, ya riƙa kai wa daraktoci rahoto a rubuce aƙalla sau ɗaya a shekara. Babban Bankin Nijeriya ma ya kafa wa bankuna irin wannan ƙa'ida a 2018.

Rawanin kuwa da nauyi. A Mayun 2023 ɓarayi suka kulle kwamfutocin wani asibiti a tsibirin Staten, ba nisa da Stapleton, suna neman fansa. A irin wannan rana shugaban tsaro a ke nema, ko tsakar dare ne. Wani lokaci ma har gaban alƙali. Joe Sullivan, wanda ya riƙe tsaron kamfanin Uber, kotu ta same shi da laifi a 2022 saboda ɓoye wa hukuma satar bayanai da aka yi musu a 2016. Ba a ɗaure shi ba, amma an sa shi ƙarƙashin sa ido shekara 3, an kuma ci shi tarar dala 50,000.