Canjin tunani: daga wa ya kamata ya fara?

Duk wanda ya saba karanta takardun ma'aikatu ya san wata magana da ba ta ɓacewa a cikinsu, watau canjin tunani. Kusan kullum talaka ake nufi da ita: manomi ya canza tunani, makiyayi ya canza tunani, mata su canza tunani. Da wuya ka ga takardar da ta ce shugaban aiki ne ya kamata ya fara sake nasa. To, a jihar Maraɗi an yi wani aiki wanda ya nuna ta inda canjin yake farawa, kuma ya dace shugabannin ma'aikatu da na ƙungiyoyin ƙauye su san labarinsa.

Bayan babban farin da ya tsananta a 1973, hankalin gwamnati da na ƙungiyoyin agaji ya koma ga dashen itatuwa. An kafa wuraren renon dashe, an kashe kuɗi masu yawa. Ba a ce duka aikin banza ne ba, domin jerin dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don tare iska ya kama. Amma a wurare da yawa dashen bai ga damina ta biyu ba. Rana ta ƙone wani, rairayi ya binne wani, gara da awaki suka cinye saura. Lissafin abin da aka dasa kuwa ya fi na abin da ya rayu daɗin rubutawa a rahoto.

Cikin masu wannan aiki akwai wani masanin noma ɗan ƙasar Ostiraliya, Tony Rinaudo, wanda ya zo Nijar a 1981 a ƙarƙashin ƙungiyar SIM. Fiye da shekara biyu yana reno yana dasawa, mafi yawa suna mutuwa. Wata rana a 1983, yana ɗauke da dashe zuwa ƙauyuka, sai ya tsaya ya rage iskar tayoyin motarsa don ya samu ratsa rairayi. Idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro irin waɗanda ya sha wucewa yana ɗaukarsu sagagi marasa amfani. Ya taka ya duba ganyen. Ashe icce ne da aka sare, kututturensa da saiwoyinsa suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara yana toho, kowace shekara ana sassabe shi. Irinsa kuma ba su ƙirguwa a gonaki.

A nan ya kamata shugaba ya dakata ya yi nazari. Mutumin nan bai sami sabuwar na'ura ba, ba a kuma ƙara masa kuɗi ba. Abin da ya yi shi ne ya yarda cewa hanyar da aka ba shi, wadda ya zuba ƙarfinsa a cikinta, ba ta ɓullewa. Wannan yarda tana da ɗaci, musamman ga mai takardar makaranta. Shugabanni da yawa, in aiki ya ƙi, sai su ɗora laifi a kan ma'aikatansu, ko su ce jama'a ba su waye ba, su sake neman kuɗi don maimaita abin da ya faɗi bara.

Dabarar, wadda aka san ta da sunan sassabin zamani, ba ta da wuya. Manomi ya zaɓi kututturan da yake so, na kalgo, ko sabara, ko gawo, ko aduwa. A kowane ya bar toho kaɗan mafi ƙarfi, ya yanke saura, ya riƙa gyara su yana tsare su. Tun da saiwar ta daɗe da kafuwa, girman yana da sauri. Manoma dama sun san barin gawo a gona tun kaka da kakanni, don yana zubar da ganye da damina, ba ya tauye gero, yana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Amma sauƙin dabara bai sa mutane suka karɓa nan da nan ba. A lokacin, manomin kirki shi ne mai gona fes, babu ko tsinke. Manoma kaɗan da suka fara gwadawa sun sha dariya, an kuma sace musu itatuwan. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa tsare itatuwa da rabon abinci a ƙauyuka wajen ɗari, aka bar itatuwa kusan 500 000. Da rabon ya ƙare, sai aka sare wajen kashi biyu cikin uku. Wani shugaban da nan zai yi fushi ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Masu aikin kuwa suka mai da hankali ga kashi ɗayan da ya rage, watau manoman da suka ga itacen girki da abincin dabbobi a gonarsu, suka ga iska ta daina binne shuka. Da su aka ci gaba, su ne kuma suka zama malaman maƙwabtansu.

Suka kuma tambayi dalilin saran, maimakon su kira shi taurin kai. Dalilin yana cikin doka. Tun zamanin mulkin Faransa, har a dokar daji ta 1974, itatuwa da yawa suna ƙarƙashin tsaron hukuma, ana cin manomi tara in ya taɓa iccen da ya tsiro a gonarsa. Wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Saboda haka canji ya zama dole ga ma'aikatan gandun daji su ma. Aka nemi su sassauta, sannu a hankali wasu suka bar matsayin mai kama mai laifi suka koma masu ba da shawara. Dokar daji ta 2004 ta ƙara buɗe wa jama'a hanyar kula da itatuwansu.

Binciken da aka yi da hotunan sama cikin shekarun 2000 ya ƙiyasta cewa gonaki wajen hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa kusan miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Rinaudo ya bar Nijar a 1999, a 2018 kuma aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood, shekara ɗaya da manomin Burkina Faso, Yakuba Sawadogo. Amma aikin ya daɗe da fita daga hannunsa. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, mutanen gari ne suka kafa kwamitin tsaron itatuwansu, suka sa mata da makiyaya a ciki, su suka tsara ƙa'idar sara, su kuma suka yanka tarar wanda ya karya ta.